Mu Leƙa Duniya: Anand, Garin da Madara ta Raya

A wannan wata za mu ƙetare teku mu tafi ƙasar Indiya, mu sauka a wani garin manoma da ake kira Anand. Ba a san garin nan da tsohuwar fadar sarki ba, ba a kuwa san shi da zinariya ba. Abin da ya fito da sunansa shi ne madara.

Kafin mu shiga labarin, bari mu tuna da wani abu da kowace mace mai sayar da kayan ci ta sani. Mai gero yana iya zuba geronsa a rumbu ya jira kasuwa ta yi kyau. Mai gyaɗa ma haka. Amma madara ba ta jira. In an tatsa da asuba, kafin rana ta take zafi ya ɓata ta. Saboda haka mai madara ba ta da bakin cewa "albarka" ta juya da kayanta gida. Abin da mai saye ya taya, shi za ta karɓa, ko kuwa ta zubar. Labarin Anand labari ne na yadda matan ƙauye masu dabba ɗaya ko biyu suka sami bakin yin ciniki, da abin da wannan ya sāke a zamansu, da kuma abin da bai sāke ba.

Ƙasar da mutanenta

Anand yana jihar Gujarat, a yammacin Indiya, a kan hanyar jirgin ƙasa tsakanin biranen Ahmedabad da Baroda. Daga can zuwa Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, ya fi kilomita 400. Yankin da ke kewaye da shi ana ce da shi Charotar, fili ne shimfiɗaɗɗe mai albarka kusa da kogin Mahi. Damina takan sauka a watan Yuni ta ɗauke a Satumba. Suna noman taba da shinkafa da auduga da ayaba, suna kuma noman gero, irin namu sak. Masana sun tabbatar asalin geron nan daga Afirka ta Yamma ne, ya isa Indiya tun shekaru dubbai da suka wuce. Su ba su yin tuwo ko fura da shi. Sukan kwaɓa garin su gasa shi fale-fale kamar gurasa, su ci da man shanu, su kora da tsala.

Dabbar tatsarsu ta gado ita ce ɓauna. Kada mai karatu ya tuna da ɓaunar dajinmu mai faɗa. Tasu ta gida ce, baƙa, mai sanyin hali da son kwanciya cikin ruwa, har yaro ƙarami yana iya kora ta. Madararta ta fi ta saniya kauri da maiƙo, wajen ninki biyu. Ba su da ruga, ba su tafiya kiwo nesa. Ana ɗaure ɓaunar a bayan ɗaki, uwargida ce ke yanko mata ciyawa, ta ba ta ruwa, ta share turke, ta tatsa safe da yamma.

Jama'ar Indiya a rarrabe suke dangi-dangi tun daga haihuwa, kowane dangi da matsayinsa da sana'arsa ta gado, ba a kuwa auratayya tsakaninsu. A Charotar masu yawancin gonaki su ne Patidar, waɗanda galibinsu ke amsa sunan Patel. A ƙarƙashinsu akwai Baraiya, masu ƙananan gonaki da 'yan ƙodago. Can ƙasa kuma akwai masaƙa da majema da masu shara, waɗanda a da ake cewa taɓa su ƙazanta ne. Unguwarsu dabam take a gefen gari, rijiyarsu ma dabam. Yanzu suna kiran kansu Dalit. Akwai Musulmi 'yan kasuwa da masu sana'a. Akwai kuma Kirista, yawancinsu zuriyar masaƙan nan ne.

Yunwa da haraji

Abubuwa biyu suka gyara wa mutanen nan hanya tun kafin zancen madara ya taso. Na fari shi ne babbar yunwar 1899 zuwa 1900. Damina ta ƙi, amfanin gona ya ƙone, dabbobi suka yi ta mutuwa, annoba ta biyo baya. Ƙidayar 1901 ta nuna mutanen gundumar Kaira, wadda Anand ke cikinta a lokacin, sun ragu da kashi 18 cikin 100 a shekara 10. Bayan wannan samarin Patidar da yawa suka hau jirgin ruwa zuwa Kenya da Uganda da Tanganyika, suka yi aikin akawu, suka buɗe kantuna, suna aiko da kuɗi gida. Da Idi Amin ya kori Indiyawa daga Uganda a 1972, yawancin jikokinsu Ingila suka nufa. Har yau akwai ƙauyuka a Charotar masu manyan gidaje a kulle, masu su suna London ko Amurka.

Abu na biyu ya faru a 1918. Amfanin gona ya sake lalacewa, amma gwamnatin Ingilishi ta ce sai an biya harajin ƙasa cif. Mahatma Gandhi ya zo, tare da wani lauya ɗan yankin, Vallabhbhai Patel, wanda ya girma a Karamsad, dab da Anand. Suka shawo kan manoma su ƙi biya gaba ɗaya, ba tare da ɗaga sanda ba. Aka kwashe wa wasu dabbobi da kayan ɗaki, amma ba su janye ba, har gwamnati ta yarda a ɗaga wa matalauta. Daga nan manoman Kaira suka gane cewa in sun ƙi abu tare, ana jin su. Shi kuwa Patel ya zama babban jigo a neman 'yancin Indiya, ana kiransa Sardar, watau shugaba.

Kura da shan bugu

A 1930 wani kamfani mai suna Polson ya kafa ma'aikatar man shanu a Anand. Ba ya saye kai tsaye daga hannun mata. Yana da 'yan kwangila a ƙauyuka, su ke karɓar madara, su ke yanke kuɗi. Da sanyi, sa'ad da ɓauna ke ba da madara ninki biyu ko fiye na lokacin bazara, sai su karya farashi yadda suka ga dama, gama sun san mai madara ba ta da inda za ta kai. Ba mai gwada madarar a gabanta. In ɗan kwangila ya ce tata ba ta da maiƙo, shi ke nan, maganarsa ce ta ƙarshe.

A 1945 gwamnatin Bombay ta shirya a riƙa kawo wa birnin madara daga Anand a jirgin ƙasa. Ta ba Polson wannan kwangila, ta kuma ba shi shi kaɗai ikon tattara madara a yankin. Gwamnati ta ji daɗi, kamfani ya ci riba, 'yan kwangila suka yi ƙiba, mutanen birni suka sha shayi da madara. Mai yankan ciyawa da tatsa kuwa tana nan inda take. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Manoma suka kai kuka wurin Sardar Patel. Bai ce su roƙi ƙarin kwabo ba. Ya ce muddin wani ne ke da injin dafa madara da hanyar kai ta kasuwa, to, su bayinsa ne. Su kafa ƙungiyar gama kai tasu, su mallaki injin, su sayar wa Bombay da kansu. In gwamnati ta ƙi, su daina sayar da madara ga kowa. Ya gargaɗe su cewa za su yi hasara kafin su ga riba.

Ran 4 ga Janairu 1946 aka yi taro a ƙauyen Samarkha, Morarji Desai ya shugabanta, wanda daga baya ya zama Firayim Minista. Gwamnati ta ƙi buƙatarsu, manoma suka shiga yaji. Kwana 15 ba a kai ko ɗigo ɗaya wurin 'yan kwangila ba. Ku dubi nauyin abin: gidan da kuɗin cefanensa na kullum daga madarar nan yake fitowa, ya haƙura mako biyu. Bombay ta rasa madarar Anand, sai ga babban jami'in madara na birnin ya zo da kansa, ya amince. Ran 14 ga Disamba 1946 aka yi wa ƙungiyar masu madara ta gundumar Kaira rajista.

Wanda aka ɗora wa shugabancinta shi ne Tribhuvandas Patel, almajirin Gandhi, wanda ya sha ɗauri a hannun Ingilishi. Ya bi ƙauyuka ɗaya ɗaya yana lallashin mutane. Ya kafe a kan ƙa'ida biyu. Ta fari, ƙofa a buɗe take ga duk mai dabbar tatsa, kowane ne danginsa ko addininsa. Ta biyu, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, ko ɓaunarsa ɗaya ce ko goma. A watan Yuni 1948 suka fara aiki da ƙauyuka biyu da lita 250 a rana. Kafin shekarar ta ƙare manoma sun wuce 400, madara ta kai lita 5,000 a rana.

Baƙon da ya kwana a gareji

A watan Mayu 1949 wani saurayi injiniya ya sauka daga jirgi a Anand, ransa a ɓace. Sunansa Verghese Kurien, an haife shi a 1921 a gidan Kirista a Kerala, can kudancin Indiya. Gwamnati ce ta biya masa karatu a Amurka, ta kuma turo shi wata ƙaramar ma'aikatarta a Anand ya biya bashin da aiki. Garin a lokacin ƙarami ne mai ƙura. Ba wanda ya yarda ya ba shi hayar ɗaki, gama shi baƙo ne, Kirista, gwauro, mai cin nama a cikin mutanen da ba su ci. A gareji ya zauna, yana ƙidaya kwanakin tafiyarsa.

Don rashin abin yi ya riƙa leƙa manoman nan da ke fama da tsofaffin injuna a kusa da shi, yana gyara musu. Da gwamnati ta sallame shi, har ya ɗaure kaya, Tribhuvandas ya roƙe shi ya tsaya kaɗan ya kafa musu sabon inji. Kaɗan ɗin nan ta zama dukan ransa. A can ya zauna har ya rasu a 2012. Abin dariya kuma, ya sha faɗa da bakinsa cewa shi ba ya son shan madara.

Rabon aikin ya yi kyau. Tribhuvandas ya riƙe manoma da 'yan siyasa, Kurien ya riƙe injuna da kasuwa, a matsayin ma'aikacin da manoma suka ɗauka, suna kuwa da ikon sallamarsa. Na ukunsu shi ne H. M. Dalaya, abokin karatun Kurien, masanin sarrafa madara.

Babbar matsalarsu ita ce ambaliyar madara ta lokacin sanyi. Bombay ba ta iya shanye ta duka, ƙungiya kuwa ta yi alkawarin ba za ta mai da kowa gida da madararsa ba. Mafita ita ce a busar da rarar ta zama gari, a ajiye. Masana daga ƙasashen waje suka ce madarar ɓauna ba ta yin gari, sai ta saniya. Dalaya ya yi ta gwaji har ya ci nasara. Da taimakon UNICEF da ƙasar New Zealand aka gina ma'aikatar, Firayim Minista Nehru ya buɗe ta ran 31 ga Oktoba 1955. Ita ce ta fari a duniya da ta yi garin madara daga ɓauna. Kayan da suke yi suka sa musu suna Amul, daga wata kalma ta tsohon harshensu mai ma'anar abin da ya fi ƙarfin kuɗi.

Yadda ake awo

To, mene ne ainihin abin da ya sāke ga mai tatsa? Bari mu bi ta wata safiya, kamar yadda abin ya gudana shekaru da yawa.

Ta tatsa lita biyu ko uku, ta rage na yara, ta ɗauki sauran a tulun tagulla zuwa ɗakin ƙungiya na ƙauyensu. Ta shiga layi. Da aka zo kanta, sai a auna madarar a gabanta, a ɗebi kaɗan a 'yar kwalba a gwada yawan maiƙonta, a rubuta a littafin ƙungiya da katin da ke hannunta. Kuɗin ya danganta ga maiƙo, ba ga yawan ruwa ba. Wadda ta ƙara ruwa ba ta ƙaru da kome ba, wadda ta ciyar da dabbarta da kyau kuwa ta ga sakamako. Kuɗin madarar safe ana biyanta da yamma, na yamma kuma washegari da safe. Mota ta zo ta kwashe madarar ƙauyen zuwa Anand, a dafa ta a kashe ƙwayoyin cuta, a sanyaya, a tura birni. A ƙarshen shekara in an ci riba, a raba wa kowa gwargwadon madarar da ya kawo, a ware wani kashi don makaranta ko rijiya ko hanya.

Ƙungiya ba ta tsaya ga saye kaɗai ba. Tana da likitocin dabbobi masu zagaya ƙauyuka a mota, ana kuma iya kiransu ko da tsakar dare. Tana sayar da abincin dabbobi a kan kuɗi mai sauƙi, tana kuma kawo irin bijimai nagari ta hanyar allura. Yanzu na'ura ce ke gwada maiƙo nan take, kuɗi kuma ta banki yake shiga, an kuma ƙara shanu masu yawan madara a kan ɓauna. Amma ƙa'idar tana nan: awo a gaban mai kaya, biya ba jinkiri, ba a mai da kowa.

Tsarin hawa uku ne. Masu madara na ƙauye su zaɓi kwamitinsu. Shugabannin ƙauyuka su zaɓi na gunduma, mai riƙe da ma'aikata. Tun 1973 kuma gundumomin Gujarat suka haɗu suka kafa tarayya ɗaya mai sayar da kayansu duka da sunan Amul. Tarayyar ta ce masu kawo mata madara sun kai miliyan 3.6 a ƙauyuka fiye da 18,000, kuma wajen kashi 80 cikin 100 na kuɗin da mai saye ya biya yana komawa hannunsu.

Layi ɗaya

Layin nan na safe da yamma ya yi wani aiki da ba a rubuta a takarda ba. Dokar layi ita ce wanda ya riga zuwa shi ne gaba. Saboda haka matar masaƙi, wadda ba a yarda ta ɗebi ruwa a rijiyar gari ba, tana iya tsayawa a gaban matar mai gonaki, kuma madararsu a tulu ɗaya za a juye. Da fari an yi gunaguni. Amma kowa yana son kuɗinsa, sai aka saba. Tsarin mulkin Indiya ya haramta ƙyamar Dalit tun 1950, amma doka a Delhi take, layi kuwa yana ƙofar gida sau biyu a rana.

Ga mata ma an sami canji. Kuɗin taba ko auduga sau ɗaya yake zuwa a shekara, a hannun maigida yake sauka, sau da yawa mai ba da bashi yana jiransa. Kuɗin madara kaɗan ne, amma kullum ne, kuma mai kai madarar ita ke karɓa. Da shi ake sayen mai da gishiri da littafin makaranta da magani. Gwauruwa mai ɓauna ɗaya tana iya riƙe 'ya'yanta ba ta yi bara ba. Matan da suka ga likita yana duba dabba, ana wanke tulu da ruwan zafi, suka fara tambayar abin da ya sa ba a yi wa yaransu haka. Da Tribhuvandas ya sauka daga shugabanci a farkon shekarun 1970, manoma suka tara masa kyautar wajen rufi 600,000. Bai ci ba, ya kafa gidauniyar kula da lafiyar mata da yara a ƙauyuka da su.

Sauran zaman gari yana tafiya da kalandarsu. Ran 14 ga Janairu kowa yana kan soro, yara da manya, ana wasan tashin 'yar takarda mai zare a iska. Bayan damina akwai bikin Navratri, dare tara ana rawa a da'ira har tsakar dare. Sa'an nan Diwali, bikin fitilu, lokacin da 'yan kasuwa ke buɗe sabon littafin lissafi. Da sanyi kuma 'yan ƙetare ke dawowa, lokacin bukukuwan aure ke nan. An hana sayar da giya a Gujarat tun kafa jihar a 1960.

A watan Oktoba 1964 Firayim Minista Lal Bahadur Shastri ya zo buɗe ma'aikatar abincin dabbobi. Ya ce ba zai kwana a masaukin gwamnati ba. Ya kwana a gidan wani manomi a ƙauyen Ajarpura, ya raba dare yana hira da mutane, har da Dalit da Musulmi. Da gari ya waye ya tambayi Kurien asirin wurin, tun da ƙasarsu da dabbobinsu ba su fi na sauran wurare ba. Amsar ita ce, a nan manoma ne masu ma'aikatar. A 1965 aka kafa hukumar bunƙasa madara ta ƙasa a Anand, a 1970 kuma aka fara shirin yaɗa tsarin ko'ina cikin Indiya. Turai ta ba da kyautar garin madara da mai. Maimakon a raba kyauta a kashe kasuwar manoman gida, sai aka sayar, aka gina ma'aikatu da kuɗin. A 1976 manoman Gujarat 500,000 suka ba da rufi biyu biyu aka yi fim na labarinsu mai suna Manthan, suka riƙa cika manyan motoci suna zuwa kallo. A 1998 Indiya ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen madara. Daga tan miliyan 17 a 1951, ta kai tan miliyan 230 a 2023.

Abin da madara ba ta wanke ba

Kada mu yi wa labarin kwalliyar da ba tasa ba. Tsayawa a layi ɗaya bai sa an yi auratayya ba. Har cikin Patidar kansu akwai manya da ƙanana. Ƙauyuka shida, watau Karamsad da Nadiad da Sojitra da Vaso da Dharmaj da Bhadran, su ake ɗauka mafi daraja, kuma a al'adarsu iyayen amarya ne ke biyan dukiya ga gidan ango. Uban da ke son 'yarsa ta shiga babban gida yakan ci bashin da zai daɗe yana biya. An haramta wannan biya tun 1961, amma bai mutu ba.

Cikin ƙungiyar ma, shekaru da yawa sunan maigida ne a littafi, ko da yake matarsa ce ke aikin, shi ke zuwa taro ya jefa ƙuri'a. Sai daga baya aka dage a kan sa sunayen mata, har aka kafa ƙungiyoyin da mata zalla ke riƙewa. Wanda ba shi da gona kuma, ciyawa tana yi masa wuya, ribarsa ba ta kai ta mai gona ba. Kujerun shugabanci sun daɗe a hannun manyan dangi, kuma da kuɗi suka yi yawa 'yan siyasa suka sa ido. Kurien kansa a 2006 ya sauka daga shugabancin tarayyar bayan 'yan kwamiti sun juya masa baya.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a 2002, sa'ad da rikicin addini ya ɓarke a Gujarat. A garin Ode, cikin gundumar Anand, an ƙone Musulmi fiye da 20 a gidan da suka ɓuya, yawancinsu mata da yara. Sai a 2012 kotu ta hukunta waɗansu daga cikin masu laifin. Mutanen da ke juye madara a tulu ɗaya ba lalle ne zuciyarsu ta zama ɗaya ba. Ciniki na gaskiya yana rage zalunci, amma ba ya cire ƙiyayya. Wannan wani aiki ne dabam, na gida da makaranta da wurin sujada.

Anand a yau

Garin ya girma. Ya zama hedkwatar gunduma tasa a 1997, kuma ƙidayar 2011 ta sami mutane wajen 200,000 a cikinsa. Yana da jami'ar aikin gona, da makarantar koyar da tafiyar da harkokin karkara wadda Kurien ya kafa a 1979. Ranar haihuwarsa, 26 ga Nuwamba, ita ce ranar madara ta ƙasar Indiya. Amma in ka fita kilomita kaɗan da asuba, za ka tarar da abin da aka fara da shi: mata a layi, kowace da tulunta.

Mai karatu zai lura cewa ba wani baƙon abu aka kawo wa mutanen nan ba. Dabbobinsu ne na da, matansu ne na da. An ba su mudu na gaskiya da ake aunawa a gabansu, an biya su a kan kari, aka kuma bar ma'aikatar a hannunsu, su ɗauki masu ilimi aiki maimakon masu ilimi su ɗauke su. Kafin wannan duka, sai da suka yarda suka yi hasarar kwana 15 tare, ba wanda ya zagaya da dare ya sayar. Ƙungiyoyin gama kai da yawa a duniya sun mutu, ba don rashin inji ba, sai don ma'aji ya ci amana, ko don an ce wa mai kaya ya dawo gobe. Duk wanda ke cikin wata ƙungiya, ko ta manoma ce ko adashin mata, yana iya auna ta da tambayoyi uku na Anand: A gaban wa ake awo? Yaushe ake biya? Wa ke da ikon sallamar mai riƙe da littafi?